Injiniya da Muryar Shagon Kawu

Sunan Injiniya dai shi ya raɗa wa kansa. Ba makarantar da ta ba shi, ba kuma wanda ya taɓa ganin ya gyara ko da fitilar hannu. A gida Auta ake ce masa, kuma duk sanda uwarsa ta ƙwala masa kira da sunan nan sai ya waiga ya ga ko wani ya ji. Namiji cikakke, gemu ya fito, hannaye biyu lafiyayyu, amma in aka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Harkar sauti." Yana da kwamfuta mai tsagaggen murfi, da makirfo, da wayoyin da yake ratayawa a wuya kamar mai shirin ɗaure akuya. Duk tarkacen nan a ɗakin Inna yake, tsakanin gado da kabad ɗin kwanuka, kuma Inna ta gaji da tuntuɓe.

Ana haka sai Kawu, yayan Inna, ya gama gina shago a bakin titi. Shago ne babba, rufi can sama, ba silin, ba komai a ciki sai siminti da ƙofar ƙarfe. In ka yi tari a ciki sai ya maido maka da tarinka har da ƙari. Mutum biyu ke son makullin. Akwai Injiniya, da ke son buɗe ɗakin ɗaukar waƙa ya fita daga tsakanin kwanukan uwarsa. Akwai kuma wani mai katifa, mutum mai sanyin hali, wanda ko a ciniki ba ya ɗaga murya.

Kawu ya kira Injiniya ya ce, "Kai ɗan ƙanwata ne, ba zan tsallake ka in ba bare ba. Amma ban taɓa ganin aikin nan naka da idona ba. Gobe ka zo ka nuna mini. In na ga aiki, makulli naka ne. In na ga shirme, mai katifa zai shiga kafin rana ta faɗi."

"Kawu," in ji Injiniya, "gobe za ka san abin da ka gina. Kai kana ganin shago ne. Ni da na shiga na tafa hannu, sai da tsigar jikina ta tashi. Kowane ɗaki da muryarsa, amma muryar wannan, ko a ƙasashen waje sai an tona. Zan kama ta in sa a kwamfuta ka ji da kunnenka."

"Ka kama me?"

"Amsa-kuwwar, Kawu."

"To," in ji Kawu. "Allah ya kai mu. Ni dai ban taɓa ganin ta da ƙafa ba, balle a kama."

Washegari da hantsi Injiniya ya iso da kaya niƙi-niƙi. Ya tarar mai katifa ya riga shi. Ya faka motarsa cike da katifu a ƙofar shagon, ya sauke guda ɗaya a inuwa ya miƙe a kai.

"Malam, ka yi asarar mai," in ji Injiniya. "Da ka juya tun da sauran sanyi."

"Ba komai, Injiniya, yi aikinka," in ji mai katifa. "Ni jira ba ya gajiyar da ni. Ka ga inda nake yin sa."

Aikin kansa ba wani dogon abu ba ne, in a hannun mai hankali yake. A kafa makirfo a tsakiyar ɗaki. A buɗe wani abu a kwamfuta wai shi manhaja, a danna. A fasa balan-balan, ƙara guda, fas! Sai kowa ya kame bakinsa na ɗan lokaci, kamar tsawon shan ruwa kofi ɗaya, har ƙarar ta gama yawo a bango ta mutu. Wutsiyar ƙarar nan ita ake nema, ita manhajar ke adanawa. Shi ke nan. Abu ɗaya kawai yake so, shiru.

Don haka Injiniya ya fita neman shiru a titin da ba a taɓa yin shiru ba. Ya fara da mai walda.

"Maigida, a kashe injin nan, za mu yi ɗauka."

"Ɗaukar wa? Wani ya faɗi?"

"Ɗaukar sauti."

"To ga sauti nan ina ba ka kyauta tun safe, ka ɗauka mana."

Sai da Kawu da kansa ya leƙo ya ɗaga hannu sannan mai walda ya kashe. Tela ya ɗage ƙafa daga keke yana ƙunƙuni. Mai aski ya kashe rediyo, ya bar wani da rabin kai a aske. Mai niƙa ta kashe injinta ta ce in ƙullun mutane ya yi tsami to Injiniya ne zai shanye shi. Mutanen da aka hana aiki kuwa ina za su? Duk suka ɗunguma cikin shagon kallo, har da mai rabin askin, tawul a wuya. Aka kawo wa Kawu kujera. Wannan ya yi wa Injiniya daɗi ƙwarai, don shi aiki ba 'yan kallo bai ɗauke shi aiki ba.

Ya zaro balan-balan daga aljihu, irin na yara masu zanen fuskar mage, ya kama hurawa. Ya hura, ya hura, jijiyar wuya ta miƙe, ido ya fito.

"Ya isa haka," in ji tela.

Injiniya ya girgiza kai. Ya ƙara hurawa. Abin ya fashe masa a fuska, ya yi baya taga-taga ya zauna a kan jakarsa.

"An kama?" in ji Kawu.

"Gwaji ne, Kawu. Ba a danna ba tukuna."

Na biyu ya huru lafiya, amma wajen ɗaurewa ya suɓuce. Ya tashi sama yana wata irin ƙara da ba a faɗa a gaban manya, ya zaga shagon, ya zo ya kwanta a kan hular Kawu. Kowa ya sunkuyar da kai. Kafaɗun mai walda suna rawa. Kawu ya sa yatsu biyu ya cire abin, ya duba shi, ya miƙa wa Injiniya.

"Ga ma'aikacinka."

Na uku tela ne ya ɗaure, ya kuma ba da aron allura da sharaɗin a maido masa. Injiniya ya danna kwamfuta, ya ɗaga hannu, ya zare wa jama'a ido. Aka yi tsit. Ya soka. Fas! Ƙarar ta daki bango, ta haura rufi, ta fara dawowa da wani daɗi kamar ana jan zare.

"Kun ji ko?" in ji Injiniya. "Kun ji abin da nake gaya muku?"

Ya durƙusa gaban kwamfuta. A kan gilashin akwai zane, tsini guda dogo, sai wutsiya tana sirancewa, sai kuma wani ƙullutu a tsakiyar wutsiyar kamar maciji ya haɗiye ƙwai. Fuskarsa ta canja.

"Wani ya yi magana."

"Ka kunna mu ji mana," in ji mai aski.

"Kunnawa ta 'yan koyo ce. Ni da ido nake karanta sauti. Wannan ƙullutun muryar ƙato ce, mai kauri, marar tarbiyya." Ya juya ya kafe mai walda da ido. "Maigida, a taimaka a fita."

"Ni? Ko numfashi ban yi ba!"

"Injiniya," in ji tela, "ai kai ne ka..."

"Shiru! Ka ga irinta ko? Ana aiki kuna surutu."

Tela ya kalli mai aski, mai aski ya kalli mai niƙa. Sun ga hanya ta miƙe, kuma ba su da niyyar tare ta. Mai walda ya fita ya zauna a gefen katifar mai katifa.

Aka hura wani. Aka danna. Fas!

"Yawwa! Wannan ita ce!" in ji Injiniya.

Ya duba. Ƙullutu na nan. Wannan karon mai aski aka kora, da shi da mai rabin kai, wai tawul ɗinsa na motsi. Aka sake. Fas! "Allahu akbar, aiki ga mai shi!" Ƙullutu. Mai niƙa ta fita da kanta tun kafin a nuna ta, ta ce ita ba a yi yaron da zai kore ta ba. Aka sake. Fas! "To yanzu fa!" Ƙullutu. Tela ya fita yana riƙe da ciki, ya ce a tuna da allurarsa. Kafin rana ta take, duk titin na zaune a kan katifu a waje, mai katifa ya sauko da wasu don baƙi, har mutum biyu sun tambayi kuɗin mai taushin.

Saura Kawu kaɗai a ciki, da balan-balan guda a aljihun Injiniya.

Injiniya ya share gumi. "Kawu, dama wannan hanyar tsohon yayi ce. Na yi ta ne don mutanen nan su fahimta. Yanzu za ka ga ta ƙwararru."

Ya jawo wata ƙatuwar lasifika da ya aro, ya jona. Ita wannan hanyar, manhajar ce da kanta ke yin wani kuka, ta faro daga ƙasa can kamar gurnani, ta yi ta hawa har ta ƙure, makirfo na ɗauka. Masu yi da hankali a hankali suke kunnawa. Injiniya ya murɗe abin ƙara har ƙarshe, don a ganinsa shago babba sai babbar murya.

Da farko ba a ji komai ba, sai ƙofar ƙarfe ta fara kakkarwa. Kujerar Kawu ta ɗauki rawa. Sai gurnani ya zama kuka, kuka ya zama jiniya, jiniya ta zama wani tsinin abu da ke shiga haƙori. Karnukan bayan layi suka ɗauka. Wani mai babur ya hau gefen titi don ya ba motar asibiti hanya. Kawu ya toshe kunnuwa yana faɗin wani abu da ba a ji, Injiniya kuwa yana ɗaga masa babban yatsa.

Inna tana wanki a tsakar gida ta ji jiniya daga wajen shagon yayanta, inda ɗanta yake da wayoyin wuta. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta sunkuci bokitin ruwan sabulu, ta ratsa ta kan mutane da katifunsu, ta banka ƙofa.

"Auta! Ina wutar?"

Injiniya ya ga bokiti ya ga kwamfuta, ya yi tsalle ya rungume kwamfutar ya ba da baya. Ruwan duka ya sauka a kansa, har da wata safa da ta maƙale masa a kafaɗa. Kawu ya lallaɓa ya fizge wayar lasifika daga bango. Shiru ya sauka, irin wanda aka nema tun safe ba a samu ba.

"Inna, aiki fa nake yi!"

"Aiki? Wannan ihun? Ni na ɗauka ka ƙone shagon mutane. Dubi yadda ka jiƙe kamar kazar da ta faɗa kwata. Yaya, kai ma da girmanka ka zauna yana yi maka wannan a ka?"

"Ni alƙawari na yi zan gani," in ji Kawu, yana girgiza yatsa a kunne. "Kuma ina gani."

Injiniya ya matse rigarsa, ya zaro balan-balan na ƙarshe. Ya dube shi, ya dubi Kawu. Sai ya sassauta murya.

"Kawu, ba raini ba. Amma kowa ya fita, ƙullutun bai fita ba. Kai kaɗai ka rage."

Inna ta dafe ƙirji. "Auta! Yayana za ka kora daga shagonsa?"

"Kimiyya ce, Inna, ba ta san babba ba."

Kawu ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa da kansa, ya fita. Inna ta bi shi da bokiti tana waiwaye. Injiniya ya rufe ƙofa. A waje aka matsa wa Kawu wuri a kan katifa mafi kauri, ya zauna, ya ɗan danna ta da hannu, ya ce, "Wannan ba laifi."

Can aka ji fas daga ciki. Aka ji wata 'yar murya ta biyo baya. Aka jira. Sai ga ƙofa ta buɗe, Injiniya ya fito, ruwa na ɗiga daga gemunsa, fuska kamar an yi masa albishir.

"Jama'a, ku yafe ni. Na zarge ku a banza. Maigida mai walda, ka yafe ni. Ni kaɗai a ciki, ba kowa, ƙullutun ya sake fitowa! Kun san ma'anar wannan? Shagon ne da kansa. Wata ɓoyayyiyar murya ce a cikin ginin. Na karanta, na bincika, ban taɓa jin ɗakin da ke da irinta ba a duniya. Kawu, wannan ginin za a zo kallonsa daga nesa. Kuma a ce za a cusa masa katifa?"

"To mu ji ta mana," in ji Kawu.

"Yanzu kuwa. Kowa ya shigo. A kira na nesa."

Aka shigo, har da waɗanda jiniya ta tara, mai babur da wasu mata da suka fito da bokitai. Shago ya cika. Injiniya ya mayar da wayar lasifika, ya tsaya gefe ya harɗe hannu, ya danna da yatsa ɗaya ba tare da ya kalla ba.

Fas! Wutsiyar ta taso, mai daɗi kuwa, gaskiya ba a ƙi ta ba. Sai wata murya ta cika shagon, garau, kowa ya san mai ita:

"Yawwa! Duk garin nan wa ya kai ni?"

Bango ya amsa, "kai ni, kai ni."

Mai niƙa ce ta fara, wata 'yar ƙara ta kuɓuce mata ta hanci. Shi ke nan aka ɓarke. Mai walda ya durƙusa yana dukan siminti. Tela ya jingina da bango yana share hawaye da tsumman awo.

"Muryar ƙato," in ji mai walda da ƙyar, "mai kauri, marar tarbiyya!"

"Ashe ginin ya iya yabon kansa," in ji mai aski. Ya miƙa hannu ya danna na baya. Fas! "Allahu akbar, aiki ga mai shi!" Ya danna wani. Fas! "Kun ji abin da nake gaya muku?"

"Mun ji!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tun yana goye haka yake. Ko nono yake sha sai ya saki ya yi sharhi."

Da wani mai kunya ne, da a nan ya naɗe wayoyinsa. Injiniya kuwa ya ture hannun mai aski, ya duƙa kan kwamfuta, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙe yana murmushi kamar dama haka ya shirya.

"Ku gama dariyarku. Wannan ƙaramin abu ne, manhaja za ta yanke shi. Ga shi na datse daga inda maganar ta fara. Abin da ya rage ya ishe ni. Muryar shagon nan tana hannuna."

Abin da ya rage ɗin bai kai tsawon atishawa ba, amma ba wanda ya san haka sai shi.

Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To, ka kama. Me ake yi da ita?"

Nan Injiniya ya ga ƙofar yabon kai ta buɗe, ya shiga da gudu. "Kawu, a nan ƙwarewar take! Yanzu duk mawaƙin da ya zo, ko a ina ya yi waƙarsa, sai in ɗauko muryar shagon nan in ɗora a kai. Duk wanda ya ji zai rantse a cikin shagon nan aka yi ta."

"Ko a ina?"

"Ko a ina, Kawu! Ko a cikin mota. Ko a ƙarƙashin gado."

"Ko a ɗakin uwarka?"

"Ko a cikin kabad ɗin kwanukanta! Ai shagon nan gaba ɗayansa, da tsayinsa da faɗinsa, yana cikin kwamfutar nan. In na saɓa jakata na saɓa shi."

"Ba abin da ya rage a waje?"

"Ko ƙwaya!"

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "Gaskiya na raina aikin nan, ashe babba ne. Na ce in na ga aiki zan ba ka shago, ga shi ka riga ka ɗauka da kanka. Allah ya sa albarka, ka tafi da naka." Ya laluba aljihu ya zaro makulli. "Mai katifa, zo ka karɓi ɓawon da ya bari."

Injiniya ya buɗe baki. A karo na farko tun safe, ba abin da ya fito.

Mai katifa ya taso ba gaggawa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Maƙwabta da suka sha zama a kan kayansa suka ga ya kamata su rama alheri, kowa ya kama gefe. Katifa na shiga, ana jingina ta da bango, wata na bin ta, har aka rufe siminti aka doshi rufi. Tela ya zo ya zare allurarsa daga kwalar rigar Injiniya.

Sai da shago ya kusa cika muryar Injiniya ta dawo. Ya tsaya a tsakiya, jaka a kafaɗa, wayoyi a wuya, ya ɗaga yatsa sama.

"Za ku neme ni! Wallahi wata rana za ku neme ni!"

Ya ɗan karkata kunne yana jiran bango ya amsa masa. Katifu suka shanye maganar, ko ɗigo bai dawo ba.

"Ga shi ina nemanka tun yanzu," in ji Inna daga bakin ƙofa, tana riƙe da gefen wata katifa. "Ajiye shagon naka a ƙasa, Auta, ka kama mini wancan gefen."